"Leasing" ta ƙarya da "leasing" ta haya: kama da wane ba ta wane



Yau za mu ɗan tsallaka katanga mu leƙa gidan Turawa, mu ɗauko wata tsohuwar kalma tasu guda ɗaya mu feɗe ta. Kada wani ya ce me ya haɗa nahawun Hausa da Turanci. Ku dai biyo ni, za ku ga abin da ya sami wannan kalma yana samun namu kalmomin, kuma wani lokaci sai ka kalli na maƙwabci sannan kake gane naka.

Kalmar ita ce "leasing". Na san da yawanku kun taɓa ganinta a allon kamfanonin da ke ba da hayar motoci ko injina ko filaye. Wannan ita ce ta yau, ma'anarta ba da haya. To amma akwai wata "leasing" ɗin, haruffa bakwai iri ɗaya sak, wadda ta girme wa waccan da ɗaruruwan shekaru, ita kuwa ma'anarta ƙarya, ko yin ƙarya. Bature na yau ba ya amfani da ita, da yawansu ma ba su san da ita ba. Sai dai tana nan kwance a tsofaffin littattafansu, tana jiran ɗalibin da zai zo ya karanta ta da ma'anar haya ya yi ta sosa kai.

Abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne, ba kalma ɗaya ba ce ta sauya ma'ana. Kalmomi biyu ne, kowace da iyayenta, kowace da hanyar da ta biyo ta shigo Turanci, rubutu ne kawai ya sa musu riga iri ɗaya.

Mu fara da ta ƙaryar. Asalinta daga tsohon Ingilishi ne, wato harshen da mutanen Ingila suka yi magana da shi tun daga wajen ƙarni na 5 har zuwa wajen shekara ta 1100. Wannan harshe in aka ba Baturen yau ya karanta, ba zai gane ba sai an koya masa kamar baƙon harshe. A cikinsa akwai wata sifa, "leas". Daga wannan sifa aka gina aikatau "leasian", yin ƙarya. Daga aikatau ɗin kuma aka gina suna, "leasung". Wannan ɗafa-ƙeya "-ung" shi ne daga baya ya narke ya koma "-ing" da kuka sani, sai "leasung" ta zama "leasing". Aikinsa kusan irin aikin "-wa" ne a wurinmu, inda muke cewa dafa, dafawa, ko kama, kamawa.

Ku lura mu ma haka muke yi da tamu kalmar. Muna da suna, ƙarya. Muka liƙa mata "-ta" muka sami aikatau, ƙaryata. Daga nan muka sa ɗafa-goshi "ma-" da wasalin "-i" a ƙarshe, baƙin "t" ya ganɗance ya koma "c", muka sami maƙaryaci. Wani abin sha'awa a nan, ƙaryata na nufin a ce abu ƙarya ne, amma maƙaryaci ba mai ƙaryata mutane ba ne, shi ne mai shara ƙaryar. Ƙirar kalma ta bi hanyarta, ma'ana ta bi tata. Wannan darasin wata rana ne.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne ita sifar "leas". Ma'anarta ta fari ba ƙarya ba ce. Tana nufin abin da yake a sake, wanda ba a ɗaure ba, ko wanda babu komai a cikinsa, fanko. Yaya aka yi muka san haka? Daga 'yan uwan Ingilishi, harsunan da suka fito daga tsatso ɗaya da shi. A harshen Got, wanda ya mutu tuni amma aka bar mana fassarar Baibul da aka yi da shi a ƙarni na 4, kalmar "laus" na nufin wofi. A Jamusanci har gobe "los" na nufin a sake. A tsohon harshen mutanen arewacin Turai, kakannin mutanen Nowe da Denmak, akwai "lauss", kuma ita ce Turawan Ingila suka ara daga bakinsu ta zama "loose" ta yau, sako-sako. Misalin da ya fi burge ni shi ne na harshen Holan. A can "loos" ta riƙe ma'anonin biyu a lokaci guda, wofi da kuma ƙarya. In aka buga ƙararrawar gobara mutane suka fito a guje aka tarar babu wuta, sai su ce "loos alarm", wato ƙararrawar banza, ƙararrawar ƙarya.

Kun ga hanyar ke nan. Abu a sake, sai abu marar ciki, sai magana marar ciki, sai ƙarya. Kuma Bahaushe ba zai yi mamakin wannan tafiya ba ko kaɗan, don shi ma haka tunaninsa yake. Mukan ce zancen wofi, maganar banza, magana ba tushe ba makama. Mukan kira alkawarin da ba za a cika ba holoƙo, hadarin kaka, ga duhu ga iska babu ruwa. Mukan ce wane yana da sakin baki. Karin maganarmu ma da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ai wannan hoton ne, abu ga shi a ido amma in ka buɗe babu komai. Bambancin kawai, mu mun tsaya a kwatance, su kuwa kwatancen ya daskare har ya zama sunan abin.

Yanzu ga tambaya. Da "leas" ta ɓace daga bakin mutane, ta mutu ke nan? A'a. Kullum kuna rubuta ta a makaranta ba ku sani ba. Ita ce ɗafa-ƙeyan nan "-less" da ke cikin "homeless" da "useless" da "careless". A tsohon Ingilishi "-leas" ake rubuta shi, kuma ma'anar wofi ɗin ce ya riƙe: wanda ya wofinta daga gida, daga amfani, daga kula. Shi ne daidai da marar ko maras da marasa a Hausa: marar gida, marar amfani, marasa kula. Mu muna sa namu a gaba a matsayin kalma mai zaman kanta, su suna liƙa nasu a ƙeya. Jamusawa ma haka, "arbeitslos" shi ne marar aikin yi. A kula fa, wannan "-less" ɗin daban yake da kalmar "less" mai nufin ƙasa da, ko bai kai ba. Ita ma wata kama da wane ce, asalinsu ba ɗaya ba.

To ita ta hayar fa, daga ina? Ita baƙuwa ce, daga Faransa ta zo. A 1066 Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu da takardun filaye na tsawon ƙarnuka, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Cikinsu har da wadda a Faransancin yau ake rubutawa "laisser", wato bari, ko saki. Mai fili ya sakar maka filinsa na wani lokaci kana biya, shi ne "lease". In aka bi ta baya sai a tarar da kalmar Latin "laxus", wadda ita ce kuma ta haifi "relax" da "release". Ma'anar "laxus" ɗin? Sako-sako! Ikon Allah. Kalmomi biyu daga gida daban-daban, kowace ta faro daga ma'anar saki, ɗaya ta ƙare a ƙarya, ɗaya ta ƙare a haya, suka zo suka haɗu a rubutu ɗaya. Tamu hayar ma, in ba ku sani ba, aro ce daga "hire" ta Turanci.

A baki akwai ɗan bambanci. Ta ƙarya da sautin "z" aka fi furta ta, kamar a ce lizin, ta haya kuwa da "s", lisin. Rubutu ne ya kasa nunawa. Akwai ma ta uku a karin harshen wasu ƙauyukan Ingila, mai nufin kala ko roro, wato tsintar abin da ya rage a gona bayan girbi. Ita daga aikatau "lesan" take, tsinta, 'yar uwar "lesen" ta Jamusanci da ke nufin karatu. Ba za mu tsaya a kanta ba.

Wannan matsala ta rubutu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Gari da muke zaune a ciki da garin tuwo, rubutu ɗaya, tsawon wasali ne ya raba su, kuma ba ma nuna shi a rubutun yau da kullum. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka ƙa'idar take. Amma akwai wadda mu muke jawo wa kanmu da gangan. Ƙarya da karya. Ƙa'idar rubutu ta ba mu ƙugiya don mu raba maganar da ba gaskiya ba da macen kare da kuma karya itace. Sai mutum ya ƙi sa ƙugiyar ya rubuta "wannan karya ce" a ƙarƙashin hoton baiwar Allah, yana nufin labarin da aka haɗa da hoton ba gaskiya ba ne. Ku duba irin rigimar da wannan zai iya haifarwa. Turawa ba su da yadda za su yi da "leasing" ɗinsu, mu kuwa muna da maganin tamu a kan allon wayarmu.

Mu koma ga tsohuwar kalmar, mu ga inda ta bar sawu.

Geoffrey Chaucer, babban mawaƙinsu da ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita a wata doguwar waƙa mai suna "The House of Fame", wato Gidan Shahara. A cikinta ya yi mafarki an kai shi wani gida da aka saƙa da tsumagu, yana ta juyawa ba tsayawa, duk jikinsa ƙofofi da ramuka, ta nan labaran duniya ke fita. Sai ya ga wata ƙarya da wata gaskiya sun nufi taga ɗaya a lokaci guda, kowace na son ta riga fita, suka cushe. Da suka ga ba mai wucewa, sai suka yi sulhu suka rantse za su fita tare a cakuɗe, yadda ba wanda zai sami ɗaya ba tare da ɗayar ba. Kalmar da ya kira ƙaryar da ita, ita ce wannan tamu, da rubutun zamaninsa. Mutumin da ya yi wannan tunani shekara ɗari shida kafin a ƙirƙiro WhatsApp, ai ya cancanci a jinjina masa.

Shakespeare ma ya sa ta a wasansa "Twelfth Night", wanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Akwai inda wakilin gidan Olivia ya ci mutuncin wawan gidan, ita kuma uwar ɗakin ta kare wawan. Don ya gode mata, sai wawan ya yi mata fatan Makiyuri, abin bautar Rumawa na 'yan kasuwa da ɓarayi, ya hore mata baiwar "leasing", tunda ta yabi wawaye. Barkwancin shi ne, duk mai son yabon wawa dole ya iya ƙarya. Yanzu ka ɗauki ɗalibin adabin Turanci da bai san wannan ba, ya zo jarrabawa ya rubuta cewa wawan ya roƙa mata sa'ar ba da gidajen haya. Ga shi kuwa an ambaci abin bautar 'yan kasuwa, sai kuskuren ya zauna masa daram kamar gaskiya. Irin wannan kuskure ya fi haɗari, don ba ya yi maka ƙararrawa. Kalmar da ba ka sani ba za ka buɗe ƙamus, wadda kake zaton ka sani ita ke kayar da kai.

Wurin da ya fi tsawaita mata rai shi ne fassarar Baibul ta Sarki James da aka buga a 1611. Ta fito sau biyu a Zabura, a sura ta 4 aya ta 2 da sura ta 5 aya ta 6. Da yake an yi ɗaruruwan shekaru ana karanta wannan fassara, kalmar ta ci gaba da shiga kunnen mutane bayan sun daina faɗarta a kasuwa. Da aka zo gyaran fassarar a 1885, sai aka cire ta aka sa kalmomin da kowa ya sani. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne kalmar Ibrananci da aka fassara a wuraren nan biyu: "kazab". Kunnenku bai ji wani abu ba? Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, wannan saiwa ita ce ta "kazib" a Larabci, wadda ta ba mu kazzabi, kamar yadda muke ji a laƙabin Musailamatul Kazzab. Harafin zalun na Larabci galibi "z" yake komawa a bakin Bahaushe, shi ya sa muke da zikiri da izini da azaba da zunubi. Amma kada a haɗa da ƙazafi, ita saiwarta daban, daga jifa take, jifan mutum da laifin da bai yi ba.

Me ya kashe ta a bakin jama'a? A ganina abu biyu ne suka haɗu. Tun asali tana da kishiya a gida, wato "lie", wadda ita ma tsohuwa ce, daga "leogan", 'yar uwar "lügen" ta Jamusanci, ga ta gajera ga sauƙin faɗa. Sannan ga baƙuwar nan ta haya tana ta ƙarfi, don kullum ana ba da haya ana rubuta takarda. Kalma in ta sami mai yi mata aikinta a gefe ɗaya, da mai kama da ita a ɗaya gefen, zamanta ya zo ƙarshe. Mu ma ai da gomiya biyu da gomiya uku kakanninmu ke ƙirga, ashirin da talatin na Larabci suka zo suka ture su.

Sai dai kalma kan sami wani lungu ta maƙale. Yaran yanzu ba su taɓa riƙe anini ko sisi ba, amma suna cewa ko anini ba ni da shi, ko sisi ban samu ba. Ita "leasing" lungun da ta samu shi ne dokar ƙasar Sikotilan, kuma a can ba abin wasa ba ce, kalma ce da ta ci kawunan mutane.

Tun ƙarni na 15 majalisar ƙasar ta kafa doka a kan wani laifi da suka kira "leasing-making", wato ƙera ƙarya. Ba kowace ƙarya ba, wadda za ta haɗa sarki da talakawansa husuma, ko ta zubar da mutuncinsa. Mu da mun ce annamimanci tsakanin sarki da jama'a. Hukuncinsa kisa da ƙwace dukiya. Matsalar irin wannan doka a fili take: wa zai yanke cewa magana ƙarya ce? Mai mulki. Don haka sai ta zama sandar dukan duk wanda ya faɗi abin da fada ba ta so.

A zamanin Sarki Charles na ɗaya, wasu manyan ƙasar suka shirya takardar koke a kan yadda sarkin ke tafiyar da al'amuran coci. Sarki ya ƙi karɓa. Wani basarake, Lord Balmerino, ya ajiye kwafi a gidansa har ya yi 'yan gyare-gyare a jiki da hannunsa. Kwafin ya bi hannu ya isa wurin hukuma. Aka gurfanar da shi da wannan laifi, a 1635 masu yanke hukunci 15 suka rabu, 8 suka ce ya yi laifi, 7 suka ce bai yi ba. Da ƙuri'a ɗaya aka yanke masa hukuncin kisa, a kan takardar da ba shi ya rubuta ba. Jama'a suka fusata ƙwarai, dole daga baya sarki ya yi masa afuwa.

Na Archibald Campbell, mai sarautar Argyll na 9, ya fi wannan muni. A 1681 aka fito da wata rantsuwa da aka wajabta wa duk mai riƙe da muƙami, rantsuwar da sassanta ke karo da juna. Shi ya yi rantsuwar, amma ya ƙara da cewa ya yi ta ne gwargwadon yadda ta dace da kanta da kuma addininsa. Wannan 'yar ƙarin magana ita aka kama. Aka ce ya ɓata dokar sarki a idon jama'a, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa da "leasing-making", aka yanke masa kisa. A watan Disamba na shekarar, agolarsa Sophia Lindsay ta kai masa ziyara a kurkukun fadar Edinbura, ya sa kayan baranta, ya fito yana riƙe mata jelar riga a gaban masu gadi, ya tsere zuwa Holan. A 1685 ya dawo da tawaye, aka kama shi. Ba a ma sake yi masa shari'a a kan tawayen ba, tsohon hukuncin nan na 1681 aka ɗauko aka sare masa kai da shi.

A 1703 majalisa ta cire hukuncin kisa daga laifin, amma sunansa ya ci gaba da zama a littafin doka, daga baya aka daina amfani da shi, amma ba wanda ya goge shi. Sai a 2010 majalisar Sikotilan ta zartar da dokar da ta soke shi gaba ɗaya, tare da laifin tunzura jama'a. Wato har zuwa shekarar 2010, lauya a Edinbura zai iya rubuta wa wani takardar "leasing" ta hayar shago da safe, da rana ya buɗe littafin manyan laifuka ya tarar da ɗaya "leasing" ɗin tana nan zaune.